Gashin ƙashi: fitila da tausa ne ke warkarwa, ko motsin da majinyaci ke gudu?

Shin gashin ƙashi magani ne na gaske, ko kuwa ɗumama jiki ne da tausa da ake biyan kuɗi a yi wa mutum a asibiti? Tambayar ta daɗe a bakin masu ciwon baya da masu jinyar tsofaffi, kuma ba a rasa dalili ba. Sai ka ga mutum biyu da ciwon gwiwa iri ɗaya, wurin ma'aikaci ɗaya suke zuwa, ɗaya ya koma kasuwa cikin wata uku, ɗayan ya yi ta zarya har ya gaji ya ce gashin bai karɓe shi ba.

Maganar ta ƙara tasowa tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon baya mai daɗewa a watan Disamban 2023. A ciki ta ce kada a mayar da ɗamarar baya, da na'urar jan ƙashin baya, da magungunan kashe zafi dangin tramadol abin da ake bai wa kowa. Abin da ta sa a gaba shi ne fahimtar da majinyaci ciwonsa da motsa jiki mai tsari. Wato da yawa daga abin da jama'a ke ɗauka shi ne jinyar, a wurin masana 'yan rakiya ne kawai.

Wane ne likitan gashi, kuma me yake yi?

Fisiyoterafi, wanda aka fi sani da gashin ƙashi ko fisiyo, fanni ne na kiwon lafiya da ke maido wa jiki motsi da ƙarfi bayan ciwo, rauni, tiyata ko shanyewa. A Najeriya ya fara ne a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digirinsa a 1966. A Arewa ana karanta shi a jami'o'i irin su Bayero da ke Kano da Jami'ar Maiduguri. Karatun aƙalla shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan lasisi daga MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista, wadda aka kafa da dokar 1988.

Ranar farko ranar bincike ce. Likitan gashi zai tambayi yadda ciwon ya fara, da abin da ke tayar da shi, da abin da ke kwantar da shi. Zai auna iyakar lanƙwasar gaɓa, ya gwada ƙarfin tsoka a ma'aunin sifili zuwa 5, ya taɓa fata ya ji ko akwai inda ya sage, ya kalli tafiyarka da tashinka daga kujera. Daga nan ne za ku yi shawarar abin da ake son cimma: komawa kan keken ɗinki, ko yin sujada, ko zuwa banɗaki ba tare da an riƙe ka ba. Wanda aka kwantar a ƙarƙashin fitilar ɗumama jiki tun ranar farko ba a duba shi ba, an tsallake masa rabin aikin.

Me ya sa kwanciya ke ƙara ciwo?

Jiki yana gina abin da ake aiki da shi, ya rage abin da aka ajiye. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, suka tashi sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafafunsu. Guringuntsin da ke shimfiɗe a kan gaɓa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓar yake samun abinci, kuma sai ana danna shi ana saki ruwan ke shiga. Gaɓar da aka bari makonni ba motsi, naman da ke zagaye da ita yakan gajarce ya ƙage.

Rauni kuma yana da matakansa. Kwana biyu zuwa uku na farko na kumburi ne. Makonnin da ke biye jiki yana saƙa sabon nama, mai rauni, zaruruwansa a cukurkuɗe. Watannin bayan nan ne zaruruwan ke jeruwa su yi ƙwari, kuma suna jeruwa ne daidai da ja da nauyin da ake ɗora musu. Tsokar da ta ɗan yage takan ɗauki mako 2 zuwa 6, igiyoyin da ke riƙe gaɓa mako 6 zuwa 12, ƙashin babba ma kusan haka, na yaro ya fi sauri. In aka yi gaggawar loda nauyi, sabon naman ya sake yagewa. In aka yi jinkiri, ya warke a ƙage kuma ba ƙarfi. Gwanintar likitan gashi a nan take: sanin nawa za a ɗora, kuma yaushe za a ƙara.

Shi ya sa ɗan zafi lokacin atisaye ba alamar ɓarna ba ne. Ma'aunin da ake yawan koya wa majinyata shi ne: ka ba zafin maki daga sifili zuwa 10. In bai wuce 4 ko 5 ba, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ci gaba. In ka kwana da shi, ko wurin ya kumbura, ka rage yawan atisayen zuwa rabi, amma kada ka daina gaba ɗaya.

Ciwon baya: inda aka fi samun ruɗani

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Kusan 9 cikin 10 na wannan ciwo ba a iya nuna takamaiman wurin da ya lalace, kuma mafi yawan sabon ciwon baya yana sauƙi sosai cikin mako shida.

Hoto ne ya fi firgita mutane. Wani zai zo riƙe da sakamakon hoton MRI yana cewa faifan bayansa, wato matashin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya goce, tun daga ranar ya daina sunkuyawa. To amma wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya gano cewa kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya ɗan turo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Saboda haka abin da hoto ya nuna ba lalle shi ne ke ciwon ba. Tsoron da takardar ta dasa kuwa yakan sa mutum ya riƙa tafiya a sandare, tsokokin baya su raunana, ciwon ya samu wurin zama.

Abin da ya fi amfani a sabon ciwo ba shi da tsada. Kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. A fara tafiya ta minti 5 zuwa 10 sau uku ko huɗu a rana, ana ƙara 'yan mintuna duk bayan kwana biyu. Tawul mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sassauta tsoka. In zafin ya fara lafawa sai a shiga ƙarfafawa. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga kwankwaso sama ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10, zagaye biyu ko uku. Ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a lokaci guda, ka sauya. Ka zauna ka tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba.

Sana'a ma tana da hannu. Tela da direban Adaidaita Sahu da ma'aikacin ofis, matsalarsu daɗewa a zama ɗaya ce fiye da yanayin zaman. Tashi a miƙe na minti ɗaya duk bayan minti 30 zuwa 45 ya fi kujera mai tsada. Mai wanki a duƙe ta ɗora bahon a kan wani abu mai tudu. Mai ɗaukar buhu ya manna shi da jiki, ya juya da ƙafafunsa maimakon murɗa ƙugu. Sunkuyawa ita kanta ba haramun ba ce ga baya. Abin da ke jawo ciwo shi ne aikin da ya zarce wanda jiki ya saba, kamar wanda ya shekara a zaune ya tashi da noman yini guda ranar da damina ta sauka.

In ciwon yana sauka ta mazaunai zuwa ƙafa, alama ce jijiyar laka ta matsu. Shi ma yawanci yakan lafa cikin mako 6 zuwa 12 ba tiyata. Alamar sauƙi ita ce zafin ya riƙa janyewa daga tafin ƙafa yana komawa ƙugu, ko da na ƙugun ya ɗan ƙaru. In atisaye yana tura shi ƙasa zuwa yatsu, wannan atisayen bai dace da kai ba.

Game da magani: diclofenac da ibuprofen suna taimakawa na 'yan kwanaki, amma daɗewa a kansu yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Haɗin da ake ƙullawa a kemis, wanda sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, yana sa mutum ya ji garau nan take, a hankali kuma ya rarake ƙashi ya tayar da suga.

Akwai ciwon bayan da ba na gashi ba ne, asibiti ake kai shi a ranar. Idan matsematsi ya yi dindiris, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba a sani ba, ko ƙafafu suna ta mutuwa, jijiyoyin ƙasan laka ne suka matsu, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Ciwon baya da zazzaɓi da gumin dare da rama, musamman in ƙashin ya fara yin doro, yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yanzu ake gani a asibitocinmu. Haka wanda ya faɗo daga bishiya ko babur, da wanda ya taɓa jinyar ciwon daji. Mai sikila da ke ɗingishi yana kukan makwankwaso ko gwiwa, a ɗauki hoton kan ƙashin cinyarsa kafin komai.

Targaɗe, karaya da batun masu ɗori

Al'adarmu in an yi targaɗe ita ce ruwan zafi, man zafi, a murza a ja. A kwana biyu zuwa uku na farko wannan ƙara kumburi yake yi, domin ƙananan jijiyoyin jini sun fashe, ɗumi kuma yana buɗe su. Abin da ya dace shi ne a rage taka ƙafar, a ɗaga ta sama da ƙirji in an kwanta, a naɗa bandeji daga yatsu zuwa sama ba tamau ba, a ɗora ƙanƙara a cikin tawul minti 10 zuwa 15 don rage zafi. Ban da mai sikila, shi sanyi yana iya tayar masa da ciwo. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta sage kuwa ya kiyayi ƙanƙarar da ruwan zafin duka, don yana iya ƙonewa bai ji ba. In mutum ya kasa yin taku huɗu, ko yana jin zafi in an danna kan ƙashin idon sawu, a ɗauki hoto.

Daga kwana na uku a fara juya ƙafar, a taka gwargwadon iko, sannan ɗage diddige a tsaye, sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. Wannan na ƙarshen shi aka fi watsarwa, shi ne kuma ke hana maimaici, domin targaɗe yana rage wa gaɓa sanin inda take, sai ta sake gurɗewa a ɗan ƙaramin rami.

Masu ɗori suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma an yarda da su tun kaka da kakanni. Karaya mai sauƙi da ba ta goce ba takan warke a hannunsu, don ƙashi da kansa yake haɗewa in an hana shi motsi. Haɗarin yana wuri biyu: rashin hoto, da ɗaure kara tamau a kan gaɓar da ba ta gama kumbura ba. Kumburin in ya rasa inda zai je sai ya toshe jini, kuma tsokar da ta rasa jini takan fara mutuwa cikin kamar sa'a shida. Daga nan ake samun hannun da ya ƙanƙance, ko ruɓewar da ke kai ga yankewa. Alamominsa: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mai tsanani in an miƙe yatsu, yatsu su yi sanyi, su sage ko su yi baƙi, fata ta yi bororo. A kwance ɗaurin a tafi asibiti a lokacin, ba a jira wayewar gari. Filastar asibiti ma in ta matse, hukuncin ke nan. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da karayar kwankwason tsoho, ba na ɗori ba ne.

Gashin mai karaya yana farawa ne ranar da aka sa filasta, tun ran gini tun ran zane. A riƙa motsa yatsu da kafaɗa da duk gaɓar da ba a rufe ba, ana ɗaure tsokar cikin filastar ana saki. Bayan an cire, kada a danne gaɓa da ƙarfi a ce za a miƙar da ita, musamman gwiwar hannun yaro: murza da ja suna iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, hannun ya ƙage har abada. A bar yaro ya yi wasa da hannunsa, yawanci motsin yana dawowa da kansa.

Shanyewar ɓarin jiki: watanni ukun farko

Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: wannan asibiti ne nan take. Inda ake da maganin narkar da gudan jini, cikin sa'a huɗu da rabi ake ba da shi, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ya bambance toshewa da fashewar jijiya. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu kafin a gwada haɗiyarsa, don yana iya wucewa huhu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana haɗa su. Asarar ita ce makonnin da ake shafewa a gida kafin a kai shi.

Ƙwaƙwalwa tana sake koyon motsi ta hanyar maimaici, kuma ta fi saurin koyo a wata ukun farko. Bayan wata shida ana ci gaba da samun sauƙi, amma a hankali. Wannan ba ya nufin a finciko majinyaci daga gado a ranar farko. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015, mai majinyata sama da 2,000, ya nuna tayar da su da yawan atisaye cikin sa'a 24 na farko ya rage samun sauƙi. Gajeren atisaye sau da yawa a rana, bayan likita ya amince, shi ya fi.

Mafi yawan aikin a hannun 'yan gida yake. A juya shi duk bayan sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya. A tallafe hannun da ya shanye da matashi, kada a bar shi yana lilo. Kada a ja shi ta wannan hannun ko a ciccibe shi ta hammata, domin tsokokin da ke riƙe kafaɗar sun saki, ja ɗaya yana iya zame ta ya bar masa ciwon watanni. A tokare tafin ƙafa kada ya faɗi ƙasa ya ƙage. A riƙa zama ana yi masa magana ta ɓarin da ya shanye. Abin da ya fi wuya ga iyali shi ne su bar shi ya yi da kansa: ya ɗauki kofi, ya sa hula, ya yunƙura ya tashi, ko da zai ɗauki minti goma. Tausayin da ke sa a yi wa Baba komai shi ke koya wa hannun zama. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ga sauƙi.

Gwiwar manya, da yara a taƙaice

Amosanin gwiwa ba sanyi ba ne ya shiga ƙashi. Sauyi ne a guringuntsi da ƙashi da naman gaɓar baki ɗaya. Babban maganinsa ƙarfafa cinya. A zauna a kujera a miƙe ƙafa, a riƙe daƙiƙa 5, sau 10, zagaye uku. A haɗa da zauna-tashi. Sai an yi mako 6 zuwa 12 ake ganin bambanci na gaske, yawancin masu cewa bai yi aiki ba a mako na biyu suka tsaya. Kowane kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓarin ake riƙe ta, ba ɓarin ciwon ba, tsawonta daidai tsintsiyar hannu in an tsaya. A matakala, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Wanda tsuguno ya gagara ya samu kujerar banɗaki, wanda sujada ta gagara ya yi salla a zaune kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa, yana ci gaba da atisayen lanƙwasa gwiwar.

Yara kuwa lokaci ne jarinsu. Jaririn da hannunsa ɗaya ya saki bayan doguwar naƙuda, da wanda ya yi ciwon shawara mai tsanani ya makara wajen riƙe wuya ko zama, da wanda aka haifa tafin ƙafarsa a murɗe, da yaron da ƙafarsa ta fara jan ƙasa bayan allura a mazaunai, duk a kai su da wuri, ba sai an ga ko za su miƙe da kansu ba.

To ina matsayin fitila da na'urori?

A nan ma'aikatan kansu sun rabu. Wasu suna cewa ɗumi da tausa da na'urar lantarki suna rage zafi na ɗan lokaci, majinyaci ya samu damar yin atisaye, kuma wanda ba a taɓa jikinsa ba gani yake ba a yi masa komai ba, ba zai dawo ba. Wasu suna cewa wannan ne ke mayar da mutum ɗan zarya, yana biyan kuɗin jin daɗin sa'a biyu alhali cinyarsa tana nan yadda take. Kowanne yana da gaskiyarsa, amma hujjojin bincike sun fi karkata ga na biyun. Minti goma na ɗumi kafin atisaye ba laifi. Zaman minti 45 da aka cinye 40 a ƙarƙashin na'ura, mako bayan mako, ba a koya maka komai na yi a gida ba, ya cancanci ka yi tambaya.

Nisa, kuɗi, da yadda za a gane ana ci gaba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 2.4 ne ke da larurar da irin wannan jinya za ta amfane su, kuma a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin mabuƙata ba sa samu. A Arewa ƙwararrun sun fi taruwa a manyan asibitoci irin su na ƙashi da ke Dala, da na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri. Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota kaɗai ya isa ya katse jinya.

Wanda ba zai iya zuwa sau biyu ko uku a mako ba ya faɗa tun ranar farko, a tsara masa na gida, ya riƙa dawowa duk mako biyu a duba a ƙara. Ya zo da wanda zai koya tare da shi, a ɗauki atisayen a bidiyon waya. Kayan aiki suna gida: gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi nauyin kilo ɗaya da rabi ce, tsohon tiyub na keke yana maye gurbin robar ja, tawul yana taimakawa wajen janyo ƙafa. Mai zuwa gida yin gashi kuma a nemi ganin lasisinsa, domin masu sayen fitila da injin tausa su kira kansu likitoci sun yi yawa.

Kada zafi kaɗai ya zama ma'auni, don yana hawa yana sauka. A ƙirga sau nawa ake iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, minti nawa ake tafiya kafin a tsaya, ina hannu ke kaiwa a jikin bango, a rubuta duk mako. In an yi mako 4 zuwa 6 ana atisayen yadda aka tsara kuma lambobin ba su motsa ba, a koma a sake bincike: ko nauyin ya yi kaɗan, ko ba a gano ainihin ciwon ba, ko lokacin ganin likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa ya yi.